Darasi: Tsohon Kare Mai Yawan Shan Ruwa da Zubar Fitsari

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan kare ne. In ana lissafin dukiyar gida, a kan fara da shanun noma, sa'an nan tumaki da awaki da kaji. Ba kasafai a kan tuna da kare ba. Amma shi ne ke kwana a gindin rumbu sa'ad da kowa ya yi barci. Shi ne ke korar birai daga gonar masara, shi ne kuma ke fara jin motsin ɓarawo a wajen turken awaki. Karen kirki ya kan yi wannan aiki shekara 7, ko 8, ko fiye, ba a biya shi ko kwabo ba.

Sa'an nan tsufa ya zo. Sai maigida ya ga karensa ba ya wuce kaskon ruwa, ya shanye nasa ya koma na kaji. Da safe a tarar da inda ya kwana a jiƙe, ko kuwa ya yi fitsari a zaure, abin da bai taɓa yi ba tun yana kwikwiyo. A gidaje da yawa abu biyu a kan yi: a doke shi, a kuma ɗauke masa ruwa wai don fitsarin ya ragu. Duka biyun kuskure ne, na biyun kuwa yana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Karen nan ba lalacewa ya yi ba. Ba shi da lafiya ne.

ABIN DA ZA MU KOYA

1. Bambancin yawan fitsari da zubar fitsari.
2. Yadda za mu auna ruwan da kare ke sha.
3. Cututtukan da ke kawo wannan hali.
4. Alamun da ba a jinkiri da su.
5. Yadda za mu kula da karen, mu kuma tsare lafiyar iyalinmu.

ABU BIYU NE, KADA A HAƊA SU

Matsakaicin kare irin namu na ƙauye ya kan shiga tsufa daga wajen shekara 7 ko 8. Manyan karnuka su kan riga ƙanana tsufa. Daga wannan lokaci ne ya kamata a sa ido a kan kaskon ruwansa da wurin kwanansa.

Abu na fari shi ne yawan fitsari. Karen ya san yana jin fitsari, ya kan tashi ya tsuguna ko ya ɗaga ƙafa kamar kullum, amma fitsarin yana da yawa ƙwarai, fari ne kamar ruwa, ba shi da wari sosai. In an rufe shi a ɗaki ko an ɗaure shi da dare, ba zai iya riƙewa har safe ba.

Abu na biyu shi ne zubar fitsari. Wannan karen bai ma san yana yi ba. Fitsarin ya kan zubo yana barci, ko ya riƙa ɗiga yana tafiya. Gashin cinyoyinsa da gindin wutsiyarsa kullum a jiƙe, yana ta lasar wurin.

Wani kare ɗaya kawai ke damunsa, wani kuwa duka biyun. Sau da yawa na farin ne ke jawo na biyun, gama mafitsarar da ke cika maƙil kowane dare, tsohon kare ba ya iya riƙe ta.

DON ME BA A HANA SHI RUWA?

Mutane su kan ce, ai yawan shan ruwa ne ya kawo yawan fitsari. A tsohon kare, galibi ba haka ba ne. Yawan fitsarin ne ya kawo ƙishirwar.

Ga yadda abin yake. Aikin ƙoda shi ne tace jini. Ta kan fid da dattin jiki cikin ɗan ruwa kaɗan, ta mayar wa jiki sauran ruwan. Ƙoda mai lafiya kamar mace mai tattali take, wadda ke wanke kwanonin gida duka da ƙwarya ɗaya ta ruwa. Ƙodar da ta gaji kuwa kamar yaro ce, wanda ke ƙarar da tulu guda wajen wanke kwano ɗaya. Dattin bai ƙaru ba, amma ruwan da ake ɓarnatarwa ya yi yawa.

To, in kun ɗauke kaskon ruwa, ƙodar ba za ta daina zubarwa ba. Daga jinin karen da namansa za ta ɗebo ruwan. Jikinsa ya bushe, datti ya taru cikin jini, ya fara amai, ya kwanta. A lokacin bazara wannan ba ya ɗaukar kwanaki da yawa. Saboda haka ga doka ta fari a wannan darasi: kare mai yawan ƙishirwa, ba a raba shi da ruwa, dare da rana.

YADDA ZA A AUNA RUWAN

Kada mu tsaya a kan "ina gani kamar yana sha da yawa". Manomi ba ya sayar da hatsi da ka, sai da mudu. Ruwan kare ma a auna shi.

Ku fara da nauyin karen. Sikelin da ƙungiya ke auna buhunan hatsi da shi ya isa. Mutum ya hau shi kaɗai, sa'an nan ya sake hawa riƙe da karen, a ɗebe na fari daga na biyu.

Kare mai lafiya ya kan sha wajen lita 1 a yini in nauyinsa ya kai kilo 15 zuwa 20. Likitocin dabbobi suna ɗaukar abin ya wuce kima in kare yana shan fiye da lita 1 a kan kowane kilo 10 na nauyinsa. Ledar ruwan sha da ake sayarwa rabin lita ce, don haka lissafin ba wuya:

Kare mai kilo 10, iyakarsa leda 2.
Kare mai kilo 15, iyakarsa leda 3.
Kare mai kilo 20, iyakarsa leda 4.

Ku ɗaure karen a inuwa, inda ba zai kai ga wani ruwa ba, kaji da awaki kuma ba za su kai ga nasa ba. Da safe ku zuba ruwan da kuka auna. Duk sa'ad da ya kusa ƙarewa ku ƙara, kuna rubutawa. Washegari da safe ku auna abin da ya rage, ku ɗebe. A yi haka kwana 3 a jere.

Ku tuna, zafin bazara, da farauta, da abinci mai gishiri, da shayar da 'ya'ya, duk su kan ƙara wa kare mai lafiya ƙishirwa. Amma karen da ke wuce iyakar nan kullum, ko wanda shansa ya ninka abin da aka san shi da shi, yana bukatar likita.

CUTUTTUKAN DA KE KAWO YAWAN ƘISHIRWA

1. Ciwon ƙoda na tsufa. Wannan yana cikin waɗanda aka fi gani. Ƙoda ta kan lalace sannu a hankali, ba a sani ba. Kafin yawan fitsari ya bayyana, wajen kashi 2 cikin 3 na ƙarfin ƙodar ya riga ya tafi. Daga baya sai rama, da ƙin abinci, da amai, da warin baki mai kama da na fitsari, dasashinsa kuma ya yi fari. Abin da ya lalace ba ya komawa, amma in an gane da wuri ana iya lallaɓa abin da ya rage, karen ya ƙara watanni, wani ma shekaru. Cututtukan da kaska ke kawowa suna iya taɓa ƙoda, don haka cire kaska ba aikin banza ba ne.

2. Ciwon sukari. Kare ma yana kamuwa da shi kamar mutum. Hasali ma a jikin kare aka gano tushen ciwon. A 1889 waɗansu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata tsoka da ke kwance kusa da tumbi, sai karen ya kamu da ciwon sukari. A 1921 kuma, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Banting da Best suka yi gwajin da ya kai ga samun allurar insulin, shi ma a kan karnuka. Alamarsa ita ce, karen yana ci kamar gara amma yana ramewa. Kiyashi su kan taru inda ya yi fitsari, wurin kuma ya yi danƙo in ya bushe. Yawancin irin waɗannan karnuka yana ta kan rufe musu ido cikin shekara guda da ɗan kai. Ya fi kama mata. Maganinsa allurar insulin ce, galibi sau 2 a yini har ƙarshen rai, kuma sai an ajiye ta a wuri mai sanyi. Ƙwayoyin ciwon sukari da mutane ke sha ba su yi wa kare aiki, kada a ba shi.

3. Mugunya a mahaifa. Wannan na karya ne wadda ba a cire wa mahaifa ba, kuma shi ne ya fi gaggawa. Ya kan zo wata 1 zuwa 2 bayan ta gama lokacin barbara. Mahaifar ta kan cika da mugunya, dafin kuma ya hana ƙoda riƙe ruwa. Sai ku ga karya tana ta sha, ba ta cin abinci, jikinta a mace, cikinta ya kumbura, har waɗansu su zaci ciki ne da ita. In bakin mahaifar a buɗe yake, za ku ga wani ruwa mai ɗoyi, ja-ja ko ruwan ƙasa, yana fita ta bayanta. In a rufe yake ba a ganin kome, wannan kuwa ya fi haɗari, domin mahaifar tana iya fashewa a ciki. Binciken da aka yi a ƙasar Suwidin ya nuna wajen 1 cikin kowace 4 ko 5 na karnuka matan da ba a yi wa aiki ba ta kan kamu kafin ta kai shekara 10. Allurar hana ɗaukar ciki da waɗansu ke yi wa karya tana ƙara haɗarin. Maganin da ya fi tabbas shi ne likita ya yi aiki ya cire mahaifar, in an kai ta da wuri kuwa yawancinsu su kan warke sarai.

4. Ciwon Kushin da maganin deksa. Akwai waɗansu 'yan tsokoki biyu kusa da ƙoda masu fid da wani sinadari cikin jini. In suka fid da shi fiye da kima, kare ya kan yi tumbi, gashinsa ya zube ta gefe biyu daidai, fatarsa ta yi siriri, ya riƙa haki, ga ci ga sha. Abin lura a nan shi ne, ƙwayar deksametason da firednisolon, waɗanda ake samu a kowane kemis, suna kawo waɗannan alamu daidai. Mutum ya ga karensa yana susa, sai ya riƙa ba shi deksa mako da makonni, daga baya ya rasa abin da ya kawo ƙishirwa. In kare ya daɗe yana shan irin wannan magani, kada a tsayar farat ɗaya. Likita ne zai nuna yadda za a rage shi kaɗan kaɗan.

5. Ciwon fitsarin ɓera. Likitoci suna kiransa leftosifira. Ƙwayar cutar tana fita cikin fitsarin ɓeraye da gafiyoyi, ta zauna cikin kududdufi da laka, musamman da damina. Tana kama ƙoda da hanta. Wannan ba ya zuwa a hankali kamar sauran. Cikin 'yan kwanaki sai zazzaɓi, da amai, da ƙishirwa, wani lokaci idon karen ya yi rawaya. Yana kama kare yaro da babba, yana kuma kama mutum.

Ciwon hanta da waɗansu irin ciwon daji su ma su kan kawo ƙishirwa. Gwajin jini ne ke rarrabe su.

ABIN DA KE SA FITSARI ZUBA

1. Sakin bakin mafitsara. A bakin mafitsara akwai nama mai tsuke ta kamar bakin jaka. Da tsufa ya kan saki. An fi ganin haka a karya, musamman babba wadda aka cire wa mahaifa. Tana lafiya, tana ci, tana wasa, sai dai ta tashi daga barci a ga wurin a jiƙe. Wannan yana da magani mai kyau, na ruwa ko ƙwaya, wanda ke ƙarfafa bakin mafitsarar, yawancinsu kuma su kan samu sauƙi muddin ana ba su.

2. Ƙwayoyin cuta ko tsakuwa a mafitsara. Karen ya kan tsuguna sau da yawa, yana yunƙuri, fitsari kaɗan ke fita, wani lokaci da jini ko wari mai ƙarfi.

3. Kumburi a wuyan mafitsara. Tsohon namijin da ba a dandaƙe ba, wata tsoka da ke kewaye da hanyar fitsarinsa ta kan kumbura. Sai ku ga yana wahalar kashi, jini ko wani ruwa yana ɗiga daga gabansa.

4. Ciwon ƙashin baya. In lakar baya ta taɓu, ƙafafun baya su kan yi rauni, yana jan su, fitsari da kashi suna kuɓuce masa.

5. Ciwon gaɓoɓi da ruɗewar tsufa. Wani karen mafitsararsa lafiya lau, tashi ne ke masa wuya. Wani kuma hankalinsa ne ya fara gushewa, ya kan yi ta yawo da dare, ya manta inda ya saba zuwa.

Akwai kuma wani tsiro mai kama da kan farin kabeji, ja, mai saurin zub da jini, da ke fitowa a al'aurar karnukan da ke yawo, suna ɗaukarsa wajen barbara. Mutane su kan zaci fitsarin jini ne. Yana warkewa da allurar da likita ke yi mako mako.

ALAMUN DA BA A JINKIRI DA SU

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku bar awon ruwa, ku nemi likita a ranar:

1. Karya ce, ta gama barbara ba da daɗewa ba, ga ƙishirwa ga ƙin abinci.
2. Yana amai, ko ruwan da ya sha ba ya zama.
3. Yana yunƙurin fitsari amma ko ɗigo ba ya fita. Hanyar ta toshe ke nan, wannan yana kisa cikin kwana 2 ko 3.
4. Idonsa ko dasashinsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi.
5. Kun ja fatar bayan wuyansa kun saki, ba ta koma da sauri ba, bakinsa kuma a bushe.
6. Ƙafafun baya sun mutu farat ɗaya.

Kada a haɗa wannan da haukan kare. Mahaukacin kare halinsa ya kan canja ba zato, yana cizon abin da ya samu, ko kuwa muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, ba ya iya haɗiya. Daga ranar da alamun suka fito, da wuya ya wuce kwana 10. Karen da ya yi makonni yana shan ruwa yana haɗiyewa lafiya, wani abu dabam ke damunsa. Amma duk karen da ke dalalar da yawu, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A tsare shi, a kira malamin dabbobi.

TAFIYA WURIN LIKITA

Ku fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko asibitin dabbobi na jiha. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, da Makurdi, da Jos. A Vom kuma akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda ke can tun 1924.

Kada ku tafi hannu rabbana. Ku riƙe abu uku:

Na ɗaya, takardar da kuka rubuta awon ruwa.

Na biyu, fitsarin farko na safe. A tara shi da faranti mai tsabta sa'ad da karen ya tsuguna, a juye cikin kwalbar da aka wanke ta bushe. Kada a yi amfani da kwalbar lemo ko ta zuma, gama ragowar zaƙi zai ruɗa gwajin. A kai shi cikin 'yan sa'o'i, kada ya sha rana. Daga wannan ɗan fitsari likita zai ga ko akwai sukari, ko jini, ko mugunya, ya kuma ga ko ƙoda tana riƙe ruwa.

Na uku, kwalin kowane magani da aka ba karen, har da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗi shekarunsa, da ranar da abin ya fara, in karya ce kuma ku faɗi lokacin da ta yi barbara ta ƙarshe.

KULAWA A GIDA

Ruwa. A ajiye kasko biyu a inuwa, ɗaya kusa da inda yake kwana. A wanke su kullum. Ruwan da za ku iya sha, shi za ku ba shi.

Fita. In a ɗaki ko a ɗaure yake kwana, a sake shi ya zaga kafin a kwanta, a kuma sake shi da asuba.

Shimfiɗa. A samu tsofaffin buhuna 2 ko 3, ana wanke ɗaya ana shimfiɗa ɗaya. A shanya su a kan igiya cikin rana. Ƙasar da ta jiƙe a kwashe ta, a zuba busasshen yashi. Dalili kuwa, akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa mai laimar fitsari a inuwa. Tsutsar ta kan huda fatar kare ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. Tana shiga fatar yara ma, musamman ta tufafin da aka shanya a ƙasa.

Fata. Fitsari yana cin fata. A rage gashin cinyoyi da almakashi, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa man basilin.

Abinci. Ga mai ciwon ƙoda, a rage gishiri, da ƙashi, da kan busasshen kifi, da kayan ciki. Tuwo ko shinkafa da ɗan ƙwai dafaffe ko ɗan nama ya fi masa, kaɗan kaɗan sau 3 a yini. Ragowar miya mai yawan albasa da ɗanɗano ba ta dace da kowane kare ba, gama albasa tana lalata jininsa. Ga mai ciwon sukari, abinci iri ɗaya, a lokaci ɗaya, kowace rana.

Magani. Kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da daikulofenak suna huda masa tumbi suna kuma kashe ƙoda. Farasitamol in ya yi yawa yana lalata hanta. Allurar jentamaisin ma tana cin ƙoda, balle a jikin da ya bushe. Tsohon karen da ƙodarsa ta rage kashi 1 cikin 3, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su ƙarasa shi.

Duka. Karen da bai san fitsari ya zubo masa ba, me duka zai koya masa? Sai tsoro. A gaya wa yara haka.

LAFIYAR MUTANEN GIDA

Ciwon ƙoda na tsufa, da ciwon sukari, da mugunyar mahaifa ba su kama mutum daga kare. Ciwon fitsarin ɓera ne abin tsoro, gama yana shiga ta rauni a fata, ko ta ido da baki. Tun da ba a gane shi da ido, a bi waɗannan ka'idodi:

1. Mai wanke buhunan kare ya sa leda a hannu, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.
2. Mai rauni a hannu, da mace mai ciki, da ƙananan yara, kada su yi wannan aiki.
3. Kada a zub da ruwan wankin kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.
4. A yaƙi ɓeraye a rumbu da ɗakin girki.
5. In wani a gidan ya yi zazzaɓi da ciwon jiki, a gaya wa ma'aikacin asibiti akwai kare marar lafiya a gida.

A wuraren da ake cinikin karnuka, kada a kai marar lafiya kasuwa don a rabu da shi. Cutar da kuka fitar daga gidanku, gidan wani za ta shiga.

IN MAGANI YA ƘARE

Gaskiya ita ce, ba kowane ciwo ke warkewa ba, ba kowane gida kuma ke iya sayen insulin kowane wata ba. Ku tambayi likita a fili: nawa ne kuɗin, har tsawon wane lokaci, wane sauƙi kuma za a samu? Muddin kare yana ci, yana tashi, yana kaɗa wutsiya in ya ga mutanen gida, ruwa da inuwa da shimfiɗa mai tsabta sun ishe shi zaman tsufa. In ya daina ci, yana ta amai, ba ya iya tashi, likita yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba wahala. Bayan haka a binne shi da zurfi, domin maganin yana iya kashe abin da ya ci naman. Kada a ba shi guba, kada kuma a kai shi daji a yar. Wanda ya yi shekaru yana tsaron ƙofarku bai cancanci haka ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kiran likita saboda kare guda yana da tsada, amma in ƙungiya ta sa rana ɗaya a shekara, kuɗin mota ya rabu. A ranar a yi wa karnuka duka allurar rigakafin hauka, a tambayi likita allurar haɗe wadda ke da rigakafin ciwon fitsarin ɓera a ciki, a kuma duba tsofaffin. Karyar da ba a bukatar 'ya'yanta, a yi shawara da likita a cire mata mahaifa tun tana da ƙarfi. Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, ya rubuta karen kowane gida, da shekarar haihuwarsa, da nauyinsa, da ranar allurarsa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya bambanta yawan fitsari da zubar fitsari?
2. Don me hana ruwa ke da haɗari ga kare mai ciwon ƙoda?
3. Karen wani yana da kilo 15, yana shan leda 5 a yini. Me za ku ce masa?
4. Karya ta gama barbara mako 6 da suka wuce, yanzu tana ta shan ruwa ba ta cin abinci. Kwana nawa za a jira?
5. Waɗanne magungunan mutane aka saba ba karnuka a ƙauyenmu?
6. Ina malamin dabbobi mafi kusa da mu, wa ke da lambar wayarsa?

AIKI KAFIN TARO NA GABA

Duk mai karen da ya kai shekara 7, ya auna nauyinsa, ya auna ruwan da yake sha kwana 3, ya duba wurin kwanansa kowace safiya. A kawo abin da aka rubuta wurin taro, magatakarda ya shigar da shi cikin littafi.